Kofi Uku na Mai Kumfa

In ka shigo layin kana neman gidan Mai Kumfa, ba sai ka tsayar da kowa ba. Bi ƙamshin lemun tsami kawai, zai kai ka har wata ƙofa mai koren fenti, inda za ka tarar da wani dattijo a kan benci yana fama da rediyon da ba ta kama tasha sosai. Shi ne maigidan, tsohon direban motar haya, wanda tun da ya ajiye tuƙi ya ɗauki aikin ba da shawarar da ba a nema ba. Ka gaishe shi ka wuce da sauri, in ba haka ba sai ka ji tarihin kowace taya da ta taɓa fashe masa. Wadda kake nema tana can bayan gida, a wani ɗaki mai taga biyu, tana juya sabulu da muciyar da ta kusa kai ta tsawo.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan sana'a da hannunta. Wurin gwaggonta ta koya, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama, mace mai ƙarancin magana da saurin ranƙwashi. Gwaggo ba ta taɓa zaunar da ita ta ce ga yadda ake yi ba. Tsayawa kawai ake yi a gefenta ana kallo, in an yi kuskure kai ya gaya wa mutum. Da Gwaggo ta rasu aka zo rabon gado, sai aka bar wa Mai Kumfa abin da ba wanda ya so: muciya, akwatunan katako huɗu na zuba sabulu, da wani shuɗin kofin roba na awon soda. Kofin ma ba lafiyayye ba ne. Tun zamanin Gwaggo ya taɓa jingina da murhu, gefensa ɗaya ya narke ya lotsa ciki, bakinsa ya karkace.

Da waɗannan tarkacen ta yi wa 'ya'ya biyar makaranta, ta sake rufin gida sau biyu, ta kuma saya wa maigida rediyon nan da yake damun unguwa da ita. Sabulunta ba ya cin hannu, ba ya narkewa a ruwa, kuma kumfarsa sai ka ɗauraye sau uku. Masu wanki da guga na unguwa biyar nata suke saye. Babbansu, wani da ake kira Dogo Mai Wanki, duk ranar Litinin yake zuwa da kekensa ya kwashe rabin abin da ta yi.

Tana da wata hanya ta gwada sabulu wadda baƙo in ya gani sai ya kau da kai. In ta yanka, sai ta ɗauki sanda ɗaya ta ɗan taɓa da bakin harshe. In soda ta yi yawa, zai cije ta nan take, ta san wannan zai ci hannun mutane. In kuwa ta ji ɗan ɗaci kawai ba cizo, to ya yi. Ta yarda da harshen nan nata fiye da yadda ta yarda da labaran rediyon mijinta.

Abin da take alfahari da shi, shi ne ba ta ɓoye sirri. Kowa ya tambaye ta sai ta faɗa masa, da ƙarfi ma: "Kofi uku na soda, bokitin mai ɗaya, ruwa daidai misali. Je ki gwada." Ta san ba wadda za ta iya. Ita a ganinta sabulu a hannu yake, ko an haife ka da shi ko ba a haife ka da shi ba.

Wadda wannan magana ta fi ƙona wa rai ita ce Amarya, matar babban ɗanta. Shekara tara da aure, 'ya'ya uku, amma har yau Amarya ake ce mata, don ba a sake kawo wata ba balle ta sauka daga kujerar. Yarinya ce mai natsuwa, mai tsabta, irin wadda in ta jera kwanuka sai ka ji kunyar ɗaukar ɗaya. Sau uku a shekarun nan Mai Kumfa ta yi tafiya ta bar mata ɗakin sabulu da kofin da kalma ɗaya: kofi uku. Sau uku kuma sabulun ya fito yana cizo. A na ƙarshen har Dogo ya zo ƙofar gida yana nuna yatsunsa da suka saɓule.

"Ba laifinki ba ne, 'yar nan," in ji Mai Kumfa a ranar, a zatonta rarrashi take yi. "Hannunki ne kawai ba na sabulu ba."

Amarya ta ce, "To, Inna." Daga ranar ba ta sake taɓa kofin ba. Yanka da naɗewa a takarda ya zama aikinta, tana yi kuma ba ƙorafi. Amma duk wanda ya lura zai ga in ana hirar sabulu a tsakar gida, sai ta tuna tana da wanke-wanke. Ba ta kuma taɓa ganin yadda surukarta ke awo ba, domin Mai Kumfa in za ta jiƙa soda sai ta kori kowa ta turo ƙofa. Tana cewa tururin soda ba ya son taro, kuma gaskiyarta ce.

Ana nan sai idon hagu ya fara yi mata hazo. Ta yi biris, ta ce tururi ne. Da ta fara gaishe da jarkar mai a zaton jikanta ne a tsugune, ɗanta ya kai ta asibiti. Likita ya ce yanar ido ce, za a yi aiki nan da sati bakwai. Bayan aiki kuma wata biyu cur ba ita ba soda, ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya mai nauyi.

Wata biyu! Ta san halin masu wanki sarai. Kayan mutane ne a hannunsu, ba za su zauna jiran idon wata tsohuwa ba. Sati biyu ba sabulu za su koma wani wuri, in hannunsu ya saba da na can kuwa shi ke nan. Ba ta da wurin tara na wata biyu, akwatunanta huɗu ne, abin da ta yi kuma a satinsa yake ƙarewa. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da mijinta ya dawo ya ce ya bar tuƙi.

"Na fasa aikin," ta ce da suka iso gida. "Ai ɗayan yana gani."

"Ni ma na taɓa tuƙi da fitila ɗaya," in ji maigida daga kan benci. "Har yau akwai wata bishiya da ba ta yafe mini ba."

Dogo ne ya kawo mafita ranar Litinin, a aljihun rigarsa, a ninke huɗu. Shi ke wanke fararen rigunan malaman jami'a, a can aka ba shi takardar. Jami'ar ta buɗe wata cibiya ta masu ƙananan sana'o'i. Duk Asabar, har sati bakwai, mai sana'a zai zo da kayan aikinsa, malamai su zauna da shi su ga abin da yake yi, su taya shi gyara abin da ke buƙatar gyara.

Mai Kumfa ta taɓe baki. Sau ɗaya ta taɓa shiga jami'ar nan, ranar da autarta ta gama, shi ma a rana aka ajiye su ba su ga komai ba sai bayan kawunan mutane. Me masu allo da alli suka sani game da sabulu?

"Inna," in ji Amarya a hankali, idonta a kan takardar da take naɗewa, "an ce suna iya rubuta wa mutum awonsa. In an rubuta, ko wani ne sai ya bi."

Ba ta ce ko ni ce ba. Amma Mai Kumfa ta ji abin da ba a faɗa ba, ta kuma ga ba ta da wata dabarar. Ta ce za ta je.

Ran Juma'a ta shiga haɗa kaya. Ta wanke bokiti, ta kankare muciya, ta zo kan kofin sai ta tsaya. Shekara talatin da ɗaya tana riƙe shi kullum, amma ranar ce ta fara kallonsa da idon baƙo. Ya koɗe, ya lotsa, baki a karkace. Wannan za ta fitar a gaban masu digiri? Kunya ta rufe ta. Ta yafa mayafi ta nufi kasuwa, ta sayo sabo fil, ja, mai sheƙi. Har ta haɗa su a tsaye ta duba, tsayinsu ɗaya, ƙasansu ɗaya. Ta tura tsohon bayan jarkoki, ranta fes.

Maigida ya so raka ta, wai ya san jami'a ciki da waje, shekara ashirin yana kai ɗalibai. Da aka bincika, ashe iyakarsa wurin ajiye motoci. Ta tafi ita kaɗai.

Ɗakin da aka kai su dogo ne, mai farin tayil da famfo a kan kowane tebur. Su goma sha biyu ne: mai burodi, mai haɗa man shafawa, wani mai fenti, wasu mata biyu masu sabulun ruwa, da sauransu. Aka ba kowa farar riga da safar hannu da gilashin kare ido. Mai Kumfa ta hango kanta a gilashin taga ta yi dariya, ta ce da Gwaggo za ta tashi ta gan ta haka da ta koma.

Malaminsu siriri ne, mai furfura a gemu, mai magana a hankali. Malamin haɗa sinadarai ne, kuma tambayarsa ɗaya ce a duniya. Mai burodi ya ce yana zuba gishiri tafi ɗaya, ya ce giram nawa. Mai man shafawa ta ce turare ɗan kaɗan, ya ce giram nawa. Kafin a tashi Mai Kumfa ta raɗa masa Malam Giram-Nawa, sunan kuma ya bi shi har gaban idonsa, bai damu ba.

"Inna, ke fa?" ya ce da ya iso teburinta.

"Kofi uku na soda, bokitin mai ɗaya, ruwa daidai misali."

"Misalin giram nawa?"

"Malam, misali ai misali ne. In ya yi, za ka ga ya yi."

Aka kwashe da dariya, har da shi. Ya karɓi sandar sabulun da ta zo da ita daga gida, ya jiƙa, ya manna wata 'yar takarda mai canza launi. Kafin takardar ta gama shawara, Mai Kumfa ta ɗauki sandar ta taɓa da harshe ta ce, "Lafiyarsa lau." Malam ya zaro ido, ya ce don Allah kada ta sake, soda ba abin wasa ba ce. Ta ce harshenta ya riga takardarsa fara aiki. Sai abin ya ba shi sha'awa. Ya ɗauko sabulai biyar daga kabad ya jera, ita da harshe, shi da takarda. Biyar ɗin duk bakinsu ɗaya. Ya cire gilashinsa ya dube ta da kyau, daga nan kuma ya daina yi mata magana irin ta malami da ɗaliba.

"Sabulunki ya fi wanda muke koya wa ɗalibai," ya ce. "Abin da ya rage mu fitar da shi daga hannunki mu sa a takarda."

Ta ji daɗin maganar har cikin ranta. Ta ɗauko jan kofinta tana taƙama, ta ɗebo soda ta cika shi har baki, sau uku. Malam ya ɗora a sikeli ya rubuta. Ya auna mai, ya auna ruwan misali. Ta juya da muciyarta, aka zuba a akwati, aka rufe sai wata Asabar.

Wata Asabar ta zo, aka buɗe, aka yanka. Fari tas, gwanin kyau. Ta faki idon Malam ta taɓa da harshe, sai ta ji kamar an ɗana mata garwashi. Ta tofar, hawaye ya cika idon mai lafiyar. Takardar Malam ma ta rine. Matan nan biyu masu sabulun ruwa suka kalli juna.

"Manku ne," ta ce nan take. "Da ruwan famfonku. Ni ban san irin wannan ba."

Malam bai yi musu ba. Ya ce sati mai zuwa ta zo da manta da ruwanta. Ta zo da su, har da sodarta, a bayan keken Dogo. Aka sake. Da aka buɗe, cizo ya fi na farko.

Ranar ta dawo gida ranta a ɓace. Maigida ya ce shi tun farko ya san na'urar sanyaya ɗakin jami'ar ce, domin ko injin mota ba ya son sanyi. Ba ta ko harare shi ba, abin da ya sa ya gane lamarin ya yi tsanani ya rage muryar rediyo. Ta shiga ɗakin sabulu ta zauna a kan jarka tana kallon hannayenta. A gida sabulu na fita lafiya, a can kuma yana cizo. Ashe haka mutum ke ji in ya bi komai daidai abu ya ƙi, ido kuma na kansa? Ta taga ta hango Amarya tana shanya. Ta daɗe tana kallonta, ba ta san dalili ba. Saura sati uku a yi aikin ido.

Ba ta je Asabar ta gaba ba. Ran Talata da hantsi sai ga sallama a ƙofar gida. Malam Giram-Nawa ne, a ƙafa, da sikeli a cikin jaka. Ya ce dokar cibiyarsu ce, in ɗalibi bai zo aji ba, aji ya je wurinsa.

"Inna, na yi lissafin nan ya fi sau goma," ya ce bayan an gaisa. "Sabulun da kika kawo daga gida bai ci sodar da muka auna ba. Ko kusa. Akwai abin da kike yi a nan da ba kya yi a can."

"Wato ƙarya na yi maka ke nan, Malam?"

"Haba Inna. Bakinki ya faɗi abin da ya sani. Hannunki nake so in tambaya."

Ta tashi tana ƙunƙuni ta kai shi ɗakin. Ya buɗe tagogin biyu, ya fito da gilashi da takunkumin hanci, ya ba ta, ya ba Amarya.

"Ita ba ta shiga in ana jiƙa soda," in ji Mai Kumfa.

"Yau dai ta shiga. In ita za ta yi, gara ta gani."

Mai Kumfa ta miƙa hannu ta ɗauko jan kofin daga kan taga. A daidai lokacin maigida, wanda ya biyo su ba a gayyace shi ba, ya leƙo ta ƙofa.

"A'a, Mai Kumfa, ina tsohon naki? Wannan ai na zuwa jami'a ne."

Da harara na kisa, da a ranar an yi zaman makoki a gidan. Malam ya juyo a hankali.

"Akwai wani kofin?"

"Wani tsohon tarkace ne, Malam. Girmansu ɗaya, ni na gwada da kaina."

"A taimaka mini in gan shi."

Amarya ce ta sunkuya bayan jarkoki ta zaro shi. Mai Kumfa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma Malam da hannu biyu ya karɓa, ya juya shi, ya shafa wurin da ya lotsa da babban yatsa. Bai yi dariya ba. Ya miƙa mata ya ce ta ɗebo yadda ta saba, kada ta kula da shi. Don ya ɗauke mata hankali ma sai ya tambaye ta wa ya koya mata sana'ar.

Nan fa baki ya buɗe. Tana ba shi labarin Gwaggo da ranƙwashinta, hannu kuma na aikinsa. Ta nutsa kofin a buhu, ta ɗago, ta ƙwanƙwasa gindinsa sau biyu a bakin bokiti, ta miƙa.

"Kin cika?" in ji Malam.

"Na cika mana."

"Inna," in ji Amarya ta cikin takunkumi, "bai cika ba."

Mai Kumfa ta kawo kofin kusa da idon dama. Sodar ta tsaya cak a daidai inda roba ta lotsa, saura kusan yatsa biyu ta kai baki. Ta zubar ta sake ɗebowa, hannun ya sake tsayawa a nan. Sai a lokacin ta tuna. Gwaggo ma a nan take tsayawa, domin in aka wuce lotsawar, soda kan zubo ta karkataccen bakin ta ci yatsu. Ita kuma ta gani ta kwaikwaya tun tana yarinya, ba ta taɓa sanin tana yi ba. A wurinta wannan shi ne kofi ɗaya. Sabon kuwa ba shi da lotsawar da za ta tsayar da hannu, shi ya sa take cika shi har baki.

Malam ya sa ta ɗebo sau uku, ya auna kowace ɗiba: giram ɗari huɗu da ashirin, ɗari huɗu da sha takwas, ɗari huɗu da ashirin da ɗaya. Ya girgiza kai, ya ce ko ɗalibansa da cokali ba sa kai haka daidai. Na jan kofin kuwa ɗari biyar da sittin ne.

"Ke kuma yaya kike ɗiba?" ya tambayi Amarya.

Ta karɓi tsohon kofin, ta cika shi har baki, ta ɗan karkata shi don kada ya zube, ta shafe saman da tsinke ya yi daidai. Aiki mai tsabta, irin nata. An ce mata kofi uku, ta ba da kofi uku cif.

Maigida, karon farko a tarihi, ya haɗiye shawararsa, ya ja da baya ya koma bencinsa.

Asabar biyun da suka rage, su biyu suka je. Amarya ta kama sikeli kamar da shi aka haife ta. Malam ya fitar da awon mai da na ruwan misali, ya gwada sau biyu a ɗakinsu na jami'a, sabulu ya fito lafiya lau. Ya buga awon a takarda, ya sa a leda mai tauri, aka kafa a bangon ɗakin sabulu. Cibiyar ta ba su aron sikeli, aka koya musu yadda za su duba sabon mai in an canza musu shi a kasuwa, aka tsara musu 'yar takardar naɗi mai hoton kumfa. Malam ya roƙi a ba shi tsohon kofin ya riƙa nuna wa ɗalibai. Mai Kumfa ta ce ko da wasa. Ta buga ƙusa kusa da takardar awon ta rataye shi.

Abu ɗaya ne ba ta yi ba. Kullum ta buɗe baki za ta yi wa Amarya maganar, sai harshen nan da bai tsoron soda ya yi nauyi. Maimakon haka sai ta shiga yabon abubuwan da ba su da alaƙa: yadda Amarya ke share tsakar gida, yadda take yi wa yara kitso. Amarya ta ce, "To, Inna," kamar kullum.

Aka yi aikin ido lafiya. Ta dawo da auduga manne a fuska, aka kafa mata kujera kusa da bencin maigida, hukuncin da ta ce ya fi aikin ciwo. Daga nan take jiyo ƙarar muciya a bayan gida. Sau biyu ta miƙe za ta leƙa, sau biyu maigida ya tare hanya da ƙafa ya ce likita ya ba shi amana.

Ranar Litinin da safe Amarya ta fito da faranti, sandar sabulu biyu a kai. Ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ɗaya na ƙarshen da kika yi ne kafin asibiti. Ɗaya nawa ne. Baba ne ya ce a kawo miki ki raba."

"Ni na ce," in ji maigida, yana gyara zama.

Mai Kumfa ta ɗauki ta farko ta shinshina, ta danna da farce, ta taɓa da harshe. Ɗan ɗaci, ba cizo. Ta ɗauki ta biyu. Ɗan ɗaci, ba cizo. Ta koma ta farko, ta dawo ta biyu. Tana iya nuna ɗaya ta ce wannan ne nata, ba wanda zai ƙaryata ta. Ta ji daɗi ƙwarai, ta kuma ji wani ɗan zafi a ƙirji, domin shekara talatin da ɗaya ita kaɗai ce.

"Ban sani ba," ta ce.

Ta ajiye sandunan, ta laluba ta kamo hannun Amarya, ta juya tafin sama tana kallonsa da ido ɗaya.

"Shekara tara ina cewa wannan hannun ne. Ashe ni ce ban faɗi daidai ba. Na ɗora miki abin da ba naki ba, kika ɗauka ba ki taɓa mayar mini da magana ba. Ki yafe mini, 'yata."

Amarya ta buɗe baki za ta ce to Inna, sai kuka ya riga ta. Ta kifa kai a cinyar surukarta, tana kuka tana dariya. Maigida ya juya baya yana murɗa rediyo, wai tasha ce ta ɓace masa.

Sai ga ƙararrawar keke a ƙofar gida.

"Salamu alaikum! Mai Kumfa tana ciki?" Muryar Dogo ce.

Tsohuwar ta dafa kujera za ta tashi, kamar yadda ta saba kowace Litinin. Sai ta fasa. Ta ɗago kan Amarya, ta share mata fuska da bakin mayafi.

"Tashi ki je," ta ce. "Ke ake kira."